Ƙirƙirarriyar Basira a Wurin Aiki: Me Ke Sa Ma'aikaci Ya So Aikinsa?

Duk sabuwar manhajar da ta fito, alƙawari ɗaya take ɗauke da shi: za ta sauƙaƙa maka aiki. Sai dai aikin da aka raba shi da buƙatar ƙwarewa yakan gundiri mai yin sa.

An ga haka tun a 1913, lokacin da kamfanin motoci na Ford a Amurka ya fito da layin harhaɗa mota, kowane ma'aikaci na tsaye wuri ɗaya yana maimaita abu guda. Haɗa mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi, amma ma'aikata suka yi ta ajiye aikin. A 1914 sai da kamfanin ya ninka lada zuwa dala 5 a rana don ya riƙe su.

A 1976 masana biyu, Richard Hackman da Greg Oldham, sun lissafa abubuwa biyar da ke ƙara wa ma'aikaci himma: amfani da ƙwarewa iri-iri, kai aiki daga farko har ƙarshe, sanin amfaninsa ga jama'a, 'yancin yanke shawara, da ganin sakamakon abin da ya yi. Mai gyaran waya da ke bin diddigin matsala har cikin allon wayar yana samun kusan dukkansu. Wanda aka ajiye yana manna gilashin kariya safe da yamma kuwa, kaɗan yake samu.

To, ina ƙirƙirarriyar basira ta faɗo? A binciken da Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa suka fitar a 2023 kan ma'aikata 5,179 masu amsa koken kwastomomi, manhajar da ke ba su shawarar amsa ta ƙara yawan aikinsu da kashi 14 cikin ɗari. Na sababbin shiga ya ƙaru da kashi 34, kuma masu barin aikin sun ragu. Manhajar shawara kawai take bayarwa, ma'aikaci ne ke zaɓar ya ɗauka ko ya bari, yana kuma koyo a hanya.

Don haka kafin mai kamfani ya sayo manhaja, ya duba wane ɓangaren aiki za ta karɓe. In maimaici ne, madalla. In kuwa tunani da yanke hukunci za ta ƙwace, to ya shirya neman sababbin ma'aikata.