Ciwon Gwiwa a Matakala: Laifin Nauyi Ne, Ba na Sanyi Ba

A unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera har Barnawa da Sabon Tasha, akwai mutane da yawa da ke tafiya lafiya lau a ƙasa, amma da sun sa ƙafa a matakalar bene sai gwiwa ta soke su, su dafe bango suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Sunan da aka fi ba abin shi ne sanyi. A ganina wannan suna yana cutar da mu, domin kemis yake kai mutum, ba ya kai shi ga dalili.

Dalilin kuwa nauyi ne. Ƙoƙon gwiwa ɗan ƙashi ne da ke zamewa cikin wani kwari a ƙarshen ƙashin cinya, tsokar gaban cinya ce ke jan sa. Yawan lanƙwasa gwiwa, yawan matsuwar ƙoƙon. Binciken Reilly da Martens na 1972 ya nuna cewa a tafiyar ƙasa matsin bai wuce kusan rabin nauyin jiki ba, a matakala kuwa ya haura ninki uku, a tsugunno ya kai ninki bakwai. Ke nan mace mai kilo 80 tana ɗora wa ƙoƙonta fiye da kilo 240 a kowane taki na matakala, tun ba ta ɗauki bokitin ruwa ba. Ga matashi, galibi tsokar cinya da ta ƙugu ce ba ta da ƙarfi, sai ƙoƙon ya riƙa gocewa yana guga. Ga dattijo kuma guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ne ya zaizaye, wato amosanin gaɓɓai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi, miliyan 365 a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Kakuri wurin ma'aikata ne tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, kuma an san cewa shekarun ɗaukar kaya da durƙuso a wajen aiki suna ƙara haɗarin wannan ciwo.

Wani zai ce ai da hunturu ciwon ke tashi. Gaskiya ne mutane da yawa sun fi jin sa a lokacin, amma sanyi ba ya cinye guringuntsi, abin da ya riga ya lalace ne yake tonawa. Wani kuma zai ce tunda hawa ke jawo zafi, sai a huta. Nan ne babban kuskuren, domin zama yana ramar da cinya, ramammiyar cinya kuwa gwiwa take bar wa aikin duka. Miƙe ƙafa a ɗaga ta ana kwance, da tashi daga kujera a koma a hankali, su ne irin atisayen da likitocin gashin ƙashi ke farawa da su. Wani bincike a Amurka a 2005 ya gano cewa kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taki. Diclofenac yana kwantar da zafi, amma ba ya gyara komai, kuma shan sa wata da watanni yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda.

Akwai dai ciwon da atisaye ba ya isar masa. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko wadda ke maƙalewa ta ƙi miƙewa bayan murguɗewa a filin ƙwallo, ta asibiti ce a ranar, ko Gwamna Awan ko St Gerard. Mai sikila da ke kukan gwiwa kuma a duba masa ƙugu, domin mutuwar kan ƙashin cinya tana iya fara bayyana a matsayin ciwon gwiwa.