Hasken da ke tona asirin ƙwayar cuta

 Yau zancenmu bisa ciwon saifa ne, wanda ke kashe shanu da tumaki farat ɗaya. Yana kama mutum ma.

Ƙwayar wannan cuta, ido ba ya ganinta. In ta rasa abinci, sai ta yi ɓawo mai tauri, ta kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru.

To, ƙaƙa masana ke gano ta? Akwai wani ƙarfe, sunansa terbiyom. Yana cikin dangin ƙarafa 15 da ake kira lantanid. Wani masani na ƙasar Suwed ya gano shi a shekara ta 1843.

A ɗakin bincike ana narka gishirin terbiyom cikin ruwa. Ana zuba ƙurar da ake zargi, a dafa. Zafi ya sa ƙwayar ta saki wani sinadari, shi kuma ya manne wa terbiyom. In aka haska fitila ta musamman, sai ruwan ya ba da haske tsanwa. Aikin ƴan mintoci ne.

Amma ku lura: wasu ƙwayoyi masu ɓawo, marasa cutarwa, su ma suna kawo wannan haske. Saboda haka gargaɗi ne, sai an ƙara wani gwaji a tabbata.

Ku makiyaya, bisar da ta faɗi ta mutu haka kawai, kada ku feɗe ta, kada ku ci namanta. Ku gaya wa likitan dabbobi. Ku kai garke allurar rigakafi kowace shekara.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.