Da Wane Mudu Za A Auna 'Yan Matan Ƙwallon Kwando?

A jami'o'in Amurka, kafin a ce ƙungiyar mata ta ƙwallon kwando ta gaza, sai an buɗe takarda. Kowane wasa na minti 40 yana da lissafinsa: jifa nawa aka yi, nawa suka faɗa kwando, sau nawa ƙwallo ta kuɓuce zuwa hannun abokan karawa. Ƙungiyar da jifa 3 kacal cikin 10 ke shigar mata, ko take ɓarar da ƙwallo fiye da sau 20 a wasa guda, kocinta ya san da sake. Tun kakar 2020/2021 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ke jera ƙungiyoyin mata da ma'aunin NET, wanda ke la'akari da ƙarfin waɗanda aka kara da su, da kuma a gida aka buga ko a waje.

Wanda ya ɗauko wannan mudu ya kawo shi ƙaramar hukumar Ikara, Maƙarfi ko Kudan, zai rasa abin da zai zuba a ciki. Ba don wasan baƙo ne a yankin ba. Daga Hunkuyi ta Kudan zuwa Samarun Zariya tafiya ce 'yar kaɗan, kuma a Zariya ne Ba'amurken koci Oliver B. Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda yake shugabancin Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Sunayen da Zariya ta fi yin tashe da su a wannan fage na maza ne.

A matakin ƙasa kuwa, mata ne ke riƙe da tuta. Ƙungiyar matan Najeriya, D'Tigress, ta lashe kofin Afirka sau 5 a jere, daga 2017 zuwa 2025. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 ta doke Ostareliya da Kanada, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Sai dai mai duba asalin ƙwarewar zai ga inda gizo ke saƙar. Kociyarsu Rena Wakama a Arewacin Karolina aka haife ta, a Jami'ar Western Carolina ta yi wasa. Cikin 'yan wasan, Amy Okonkwo ta fito daga Jami'ar TCU, Ezinne Kalu daga Savannah State. Dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin Amurka nuna wa mata bambanci, ita ta gina filayen da suka taso a ciki. Irin su Murjanatu Musa, da ta buga wa Air Warriors ta Abuja kafin ta wuce Turai, su ne shaidar cewa na gida ma za su iya idan an ba su dama.

Babban dalilin giɓin da ke tsakanin 'yan matan gida da waɗanda suka taso a Amurka shi ne makara. Sarrafa ƙwallo da hannu biyu, gudu da ita ba tare da kallon ƙasa ba, da daidaita jifa, duk sun fi zama a jiki tun ana 'yar shekara 10 ko 12. A wannan lokacin yarinyar karkara tana tsakanin boko, Islamiyya, aikin gida, wata kuma da talla. A makarantu da yawa wasanni ba su wuce gasar gidaje ta sau ɗaya a shekara ba, kuma gudu da tsalle ne ke cinye ranar. Malaman motsa jiki mata sun yi ƙaranci, uba kuwa da wuya ya yarda namiji ya riƙa horar da 'yarsa budurwa da yamma. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma maganinta a ɗauki malamai mata, a kewaye filin.

Batun sutura ya daɗe yana zama shinge. A 2014 'yan matan Katar sun janye daga gasar Asiya a Incheon saboda an hana su rufe kai. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta ɗage haramcin. Yau babu dokar FIBA da ta hana yarinya shiga fili da lulluɓin kai, amma labarin bai kai kunnen iyaye da yawa ba.

Sakamakon yana bayyana ne a manyan makarantu. Ɗalibar da ta fara taɓa ƙwallo a shekara 18, bayan ta shiga kwalejin kiwon lafiya ko kwalejin ilimi, za a haɗa ta da wadda ta taso a gasar Milo ta makarantun sakandare. Ƙwallo za ta riƙa zubewa, jifa ya riƙa baudewa, ratar maki ta yi faɗi. Daga nan masu riƙe da kasafi su ga shan kashi, su ce kuɗin mota da masauki asara ne, a daina zuwa. Ƙungiyar da ba ta zuwa gasa ba ta gogewa, gasannin manyan makarantu na NUGA da NIPOGA kuma ba kullum ake yin su ba, balle su maye gurbin wasan mako-mako.

Saboda haka auna waɗannan 'yan mata da ratar maki kaɗai rashin adalci ne. Abin da ya kamata sashen ilimi na ƙananan hukumomin uku ya riƙa ƙirgawa shi ne makarantun mata nawa ke da filin siminti da kwanduna biyu masu aiki, wasa nawa kowace ta buga a zangon karatu, a wace shekara 'yan wasan suka fara, kuma ko akwai mai rubuta lissafin wasa. Na ƙarshen ba ya cin komai sai takarda da biro, kuma ɗaliban fannin motsa jiki na Jami'ar Ahmadu Bello da ke fita koyon aikin koyarwa za su iya koya wa malamai shi cikin zango ɗaya.