Tashe a Ƙofar Gida, Tashe a Takarda

Idan azumi ya kwana goma, an sha ruwa an yi asham, sai yara su fito tashe. Wannan ya liƙa gemun auduga ya duƙa da sanda kamar ɗan shekara tamanin, wancan ya rataya ƙullin saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan amshi na biye da gwangwani da ƙwarya. Ga labari, ga shiga, ga kiɗa, ga 'yan kallo masu biya da hatsi. Wasan da waƙa ke jan labarinsa, wanda mutanen Amurka ke sayen tikiti mai tsada su gani a Broadway, mu tun kaka da kakanni yake zuwa mana har zaure.

Zamfara kuwa ba baƙuwar kiɗa ba ce. Ita ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi. Bayan kaka akan yi kalankuwa, samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su yi shari'ar wasa ana kiɗa ana dariya, manya suna jin abin da ba a iya gaya musu ido da ido.

Yau yaron Tungar Daji, a ƙasar Anka, a ina zai ga wannan? An rufe gidajen sinima a jihar bayan ƙaddamar da shari'a a 1999, ko da yake dama su na birni ne. Abin da ya fi kashe dandali shi ne 'yan bindiga: garin da ake kulle ƙofa tun magariba ba ya tashe. Sai waya ta rage. Ran kasuwa a kai memori wurin masu turi, a cika shi da fina-finan Kano masu rawa da waƙa irin na Indiya, yara biyar su haɗa kai a kan allon da bai fi tafin hannu ba.

A kwaleji ma wasan yana nan, amma ba ganga. Ɗalibin Hausa a Kwalejin Ilimi ta Maru ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana karanta wasan kwaikwayo da waƙar baka, ya fitar da jigo da salo da zubi da tsari. Ba na raina wannan aiki. Littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kaɗai sun adana tarihin makaɗa da dama. Sai dai sau da yawa jarrabawa kan tsaya a biro. Mutum ya ci makin tashe bai taɓa liƙa gemu ba!

Zariya ta gwada wata hanya. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina filin wasan da laka, da 'yan ɗakuna zagaye kamar gidan ƙauye. Ɗalibai kan shiga Samaru da Bomo su saurari damuwar mutane, su ƙulla wasa a kanta, su koma su yi shi a fili da harshen masu garin.

Wannan dabara ce nake tunawa duk lokacin da aka ambaci 2010, shekarar da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Tungar Daji na cikinsu. Dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gida, ƙura ta sauka inda jarirai ke rarrafe. Saƙon gajere ne: a fitar da niƙa bayan gari, a wanke jiki, a canja tufafi kafin a ɗauki yaro. Uwar da ba ta karanta takarda za ta riƙe amshi idan 'yarta na rera shi a bakin turmi. Abubakar Tunau, mutumin Mafara, ya gane haka tun 1949, da ya rubuta Wasan Marafa don wayar da kai.

Malamin da Maru ta yaye, firamaren irin waɗannan ƙauyuka za a tura shi. Da ni ne mai tsara manhaja, ba zai karɓi takardarsa ba sai ya tsaya gaban jama'a da kalangu da 'yan amshi. Masu koya masa ma ba nisa: dattawan da suka yi kalankuwa da ƙuruciya, da yawansu suna gudun hijira a cikin garin Anka.