Adalci Wajen Tantance Buƙatun Tallafin Ƙungiyoyin Matasa: Bayani Ga Jama'ar Dawakin Tofa

Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, tana da mazaɓu 11, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mazaunanta sun haura dubu 240. Akwai ƙungiyoyin taimakon kai da kai da na sa-kai masu koyar da sana'o'i, da noman rani, da wasanni, da yaƙi da shaye-shaye. Kuɗin da za a iya ware musu bai taɓa isar kowa ba. Don haka abin tambaya shi ne: ta wace hanya za a zaɓi wasu a bar wasu ba tare da an zalunci kowa ba?

Wannan ba batun alfarma ba ne. Sashe na 14(4) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya umurci majalisar ƙaramar hukuma da ta gudanar da al'amuranta bisa la'akari da bambance-bambancen jama'arta, sashe na 42 kuma ya haramta nuna wariya saboda asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, lamarin da ya ƙara ɗora wa shugabanninsu alhakin kowace naira.

Rashin adalci yakan fara tun kafin a karɓi takarda ko ɗaya. Idan sanarwa ta tsaya a allon sakatariya, ƙungiyar da ke Dawanau, kusa da babbar kasuwar hatsi da birnin Kano, za ta ji cikin kwana ɗaya. Wadda ke wani ƙauye a Gargari ko Jalli kuwa, sai an rufe. Ya kamata sanarwa ta bi ta hannun hakimi da dagatai da masu unguwanni, da masallatan Juma'a, da rediyo, kuma kada wa'adin ya faɗo a tsakiyar damina lokacin da matasa ke gona.

Sai batun takarda, wanda nan ne aka fi tafka kuskure. Mai tantancewa yakan ga buƙata da aka buga da kwamfuta cikin Turanci mai kyau ya ɗauka aikin ma mai kyau ne. Sau da yawa wani aka biya ya rubuta. Ƙungiyar da ta shekara biyar tana cike zaizayar hanya da gayya, ko take koya wa 'yan mata ɗinki a zaure, tana iya zuwa da shafi ɗaya na rubutun hannu. Saboda haka a karɓi buƙata da Hausa, kuma kwamiti ya je ya gani da idonsa, ya tambayi mutanen gari. Haka nan, rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC tana buƙatar kuɗi da zirga-zirga. Ga ƙaramin tallafi, shaidar rajista da ƙaramar hukuma, da sunayen shugabanni, da littafin kuɗi, sun isa. Shirin Fadama III ya yi aiki da ƙananan ƙungiyoyin manoma na ƙauye, waɗanda su ke zaɓar abin da suke buƙata kuma su ba da nasu kaso.

A rubuta ma'auni, a bayyana shi kafin buɗe karɓar buƙatu: matasa nawa za su amfana, nawa za a kashe kan kowane ɗaya, me ƙungiyar ta taɓa yi, kuma me zai rage bayan kuɗin ya ƙare. A fayyace ma wane ne matashi. Manufar Matasa ta Ƙasa ta 2019 ta ce mai shekara 15 zuwa 29. Kowane ɗan kwamiti ya ba da makinsa shi kaɗai a rubuce kafin a tattauna. Wanda ɗansa, ko ƙaninsa, ko surukinsa ke shugabantar ƙungiya, ya faɗa, ya fita daga zaman. Kansila na da damar kare buƙatun mazaɓarsa, amma ba shi zai ba da maki ba, kuma katin jam'iyya ba ya cikin sharuɗɗa.

Ba dole ba ne a raba kuɗin daidai tsakanin mazaɓu 11, domin buƙatu sun bambanta. Amma in an ga mazaɓa guda tana samu kowace shekara, ko babu ƙungiyar mata ko ɗaya cikin waɗanda suka dace, to a sake duba tsarin.

Bayan an gama, a liƙa sunayen ƙungiyoyin da suka samu da adadin kuɗin, waɗanda ba su samu ba kuma a ba su dalili a rubuce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani. Ƙungiyar da ba ta gamsu ba ta fara rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ta ajiye kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa. Idan ba a saurare ta ba, tana iya kai kukanta Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci da Rashawa ta Jihar Kano.