Ko Kun Sani? Wankan Bazara a Bakin Madatsar Goronyo

Ko kun san madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Rima a 1984, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900? Don noman rani da ruwan shan Sakkwato aka yi ta, amma in bazara ta kankama a Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yaran Goronyo da Wurno har zuwa Rabah ba su da wurin shaƙatawa da ya wuce bakin gulbi da hanyoyin ban ruwa.

Sai dai ruwan da ya fi kama da na wasa, wato kwantacce mai ciyayi a gefe, shi ne gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Ba sai yaro ya sha ba: ta fata take shiga, bayan makonni a ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu iyaye na ɗaukar hakan alamar balaga, alhali cuta ce, kuma ƙwayar Praziquantel na maganinta.

Ban da tsargiya, akwai haɗarin nutsewa: ƙaramin yaro, ruwa iya gwiwa na iya cin sa, ba ihu ba fantsama, yayyensa na tsaye kusa.