Ko Ka Sani? Masu Koya wa Bututu Magana

Ko ka san cewa a duniyar nan akwai sana'ar da mai yin ta ba shi da wani aiki sai koya wa bututu magana? Da 'yar wuƙa a hannu yake bin dubban bututai ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni, kuma sai ya sallami na ƙarshe ake cewa an gama ƙera ogan, wancan ƙaton kayan kiɗa da ke cinye bango guda a manyan coci-coci na Turai da Amurka.

Yadda ogan ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Fanka mai lantarki tana cika zugazugi da iska, zugazugin ya tura ta cikin wasu akwatunan katako, bututai kuma suna tsaye a kan akwatunan sahu-sahu. Makaɗi ya taɓa madanni, wata 'yar ƙofa mai shafin fatar tunkiya ta buɗe a ƙarƙashin bututu, iska ta shiga, sauti ya fita. Tun ƙarni na 3 kafin Miladiyya wani injiniya mai suna Ktesibios ya ƙirƙiro kakan wannan na'ura a Iskandariyya ta Masar, inda nauyin ruwa ke danno iskar.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Mai busa sarewa ko algaita yana da huji da yatsu, daga abu ɗaya yake fitar da sautuka iri-iri. Bututun ogan kuwa, ko mai baki irin na sarewa ne ko mai harshe mai karkarwa irin na algaita, sauti ɗaya tak ya iya, da murya ɗaya, har ƙarshen rayuwarsa. Jerin madannai guda yana da madanni 61, saboda haka murya ɗaya kawai tana cin bututu 61. Kana son wata murya mai zaƙi ko mai kauri? Sai ka ƙera wani sahun daga farko. Haka lissafi ke ta hauhawa har ya kai dubbai.

Mu ɗauki cocin Saint Thomas da ke birnin New York. A watan Oktoban 2018 aka ƙaddamar da sabon ogan a can, mai bututu 7,069 da murya 102. Kamfanin Dobson ne ya ƙera shi, a Lake City, wani ɗan gari a jihar Iowa wanda mazaunansa ba su kai 2,000 ba. Makaɗin cocin da ya tsaya tsayin daka a kan aikin, John Scott, ya rasu a 2015 bai ji sautinsa ba, aka sa wa ogan ɗin sunansa don tunawa.

Irin wannan aiki daga tukunya yake farawa. Ana narka kuza da dalma tare, a kwarara su cikin wani akwatin katako mai tsaga a ƙasa, sannan a ja akwatin da sauri bisa dogon teburin da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai jure zafi. Kana kallo ruwan ƙarfen mai sheƙi zai dushe, ya daskare ya zama faifai. In kuzar da dalmar sun yi kusan rabi da rabi, sai ɗige-ɗige su bayyana a fuskarsa yayin da yake hucewa. A kankare faifan, a yanka, a naɗe shi a jikin sanda, a liƙe gefensa. Manyan bututai da yawa kuma na katako ne, masu kusurwa huɗu. Idan komai ya kammala sai a harhaɗa ogan ɗin a wani ɗaki mai dogon rufi a masana'anta, a gwada, sannan a kwance shi gaba ɗaya, a sa wa kowane yanki lamba, a loda a manyan motoci. A coci a sake gina shi. Sau biyu ke nan.

To, bayan duk wannan wahala, ogan ya tsaya cak a mazauninsa, an goge katako, bututan gaba suna walƙiya, mai wucewa zai rantse an gama. Alhali a lokacin ne mai saita murya zai tuɓe rigarsa ta sama ya kama aiki.

Mutum biyu ne. Ɗaya yana ƙasa wajen madannai ko tsakiyar kujerun jama'a yana saurare, ɗayan ya hau tsani ya kutsa cikin cikin ogan, yana taka wasu siraran katakai tsakanin sahu da sahu. Na ƙasa ya danna madanni, ya saki, ya sake dannawa, ya taɓa na kusa da shi don ya gwama su. Sai ya ɗaga murya: wannan yana da nawa, ya makara wajen buɗe baki. Ko kuwa: ya fi maƙwabtansa ƙara. Na sama ya zare bututun a hankali, don ƙarfen yana da laushin da babban yatsa kan iya lotsa shi. Ya buɗa hujin gindinsa kaɗan don iska ta ƙaru, ko ya matse shi. Ya danna wani ɗan faifai da ke cikin bakin bututun ƙasa, gwargwadon kaurin gashi. Ya yi masa 'yan tsage-tsage da bakin wuƙa don ya rage shesshekar da ke gaban sauti. In ta kama, ya yanki leɓen sama, kuma nan ne hannu ke ɗari-ɗari, domin abin da wuƙa ta cire ba ya komawa. Ya mayar da bututun gurbinsa, na ƙasa ya sake dannawa. Bai yi ba? A sake zarewa.

Su da kansu haka suke faɗa, bututu "yana magana", wani da sauri, wani da jinkiri. Masu harshen tagulla sun fi rigima. Ana shimfiɗa harshen a kan wani ɗan katako a murza shi da ƙarfe mai santsi har ya ɗan lanƙwasa. Lanƙwasar ta yi yawa, bututu ya ƙi magana. Ta yi kaɗan, ya yi ta kwarmato.

Na zauna na yi lissafin kaina. A ce kowane bututu daga cikin 7,069 ɗin nan minti 10 kacal ya ci, ana maganar sa'a 1,178 ke nan, kusan kwana 147 ga mai aikin sa'a 8 a yini. Wannan kuma in har kowanne ya ji magana tun karon farko. Wane irin haƙuri ne wannan, kuma wane irin kunne!

Me ya hana a gama wannan a masana'anta, a huta? Ana fara shi a can, amma ginin da ogan zai zauna shi ne rabin muryarsa. Dutse yana mayar da sauti, katifar kujera da labule suna shanye shi, wani lungu ya kumbura sauti mai kauri, wani ya haɗiye siriri. A babban cocin Kolon da ke Jamus, in aka saki madanni amo kan ci gaba da yawo fiye da sakan 10. Girman ginin ya sa a 1998, shekara 750 da aza harsashinsa, kamfanin Klais na birnin Bon ya rataye sabon ogan mai nauyin tan 30 a jikin sandunan ƙarfe huɗu da suka sauko daga rufi, kimanin mita 20 sama da kawunan masu ibada, don sauti ya isa tsakiyar jama'a. Can sama masu saita murya suka hau suka yi nasu aikin.

Aikin kuma ba ya yiwuwa cikin hayaniya. Lokacin da gobara ta ci rufin cocin Notre-Dame na Paris ranar 15 ga Afrilun 2019, wuta ba ta taɓa babban ogan ɗinsa mai bututu kusan 8,000 ba, amma ƙurar dalmar rufin ta lulluɓe shi. Aka kwance shi, aka wanke, aka mayar. Da rana magina sun cika wurin da ƙarar guduma da injin, sai masu saita murya suka koma aikin dare, na tsawon wata shida ko kusa da haka. Ranar 7 ga Disambar 2024 da aka sake buɗe cocin, Akbishop Laurent Ulrich ya tsaya ya kira ogan ɗin har sau takwas, kowane kira makaɗi ya amsa masa da kiɗa.

Akwai ma bututan da kunne kaɗai ba ya isa a saita su. Duk lokacin da aka ninka tsawon bututu, kaurin sautinsa ya ninku. Mai tsawon ƙafa 32, wajen mita 10, iskar cikinsa tana kaɗawa sau 16 a sakan, kunnen ɗan Adam kuwa daga wajen sau 20 yake fara tantance sauti. A ƙirji da tafin ƙafa da jikin kujera ake jin sa. Wurare biyu ne a duniya suka yi ƙarfin halin ƙera mai cikakken tsawon ƙafa 64: zauren birnin Sidni a Ostareliya, wanda kamfanin Hill na Landan ya gama a 1890, da zauren Boardwalk a Atlantic City ta Amurka, mai bututu fiye da 33,000 da jerin madannai bakwai. Sau 8 a sakan! Mutum na iya jin bugun ɗaya bayan ɗaya. Kuma a cikin ogan ɗin da ke da irin waɗannan ƙattai za ka tarar da bututun da bai kai fensir ba, shi ma sai an bi shi da wuƙa an saurare shi.

Ko bayan an ƙaddamar, ba a rabu da kunne ba. Zafi yana sa sautin bututai masu baki ya ɗan hau, sanyi ya saukar da shi, masu harshe kuwa ba sa bin su sau da ƙafa, don haka lokaci-lokaci sai mai gyara ya dawo ya sasanta su. Amma wannan daidaita tsayin sauti ne kawai. Ita muryar, kaurinta da zaƙinta da yadda take buɗe baki, tana nan yadda wuƙar farko ta bar ta muddin ba a sake taɓa ta ba.

Abin da ya fi kama ni ke nan. A Notre-Dame akwai bututan da Aristide Cavaillé-Coll ya sa a 1868, akwai ma waɗanda suka girme su. A garin Sion na ƙasar Suwizalan, wani ɗan ogan da aka ƙera wajen 1435 yana manne a bangon cocin Valère, ana kaɗa shi har yau, da wasu bututansa na asali. An ƙera bututan Valère tun kafin a ƙirƙiro na'urar naɗar sauti, don haka ba mu da muryar ko mawaƙi ɗaya na wancan zamani. Amma muna da hukuncin da wani ma'aikaci ya yanke da kunnensa, ranar da ya saurari bututu ya ce ya isa haka, ya ajiye wuƙa ya ɗauki na gaba. Masu saita muryar sabon ogan a yau sun san haka, shi ya sa ba sa gaggawa: masu sauraron da suke yi wa aiki, yawancinsu ba a haife su ba tukuna.